Mai Dandali Shi Kaɗai, da Mu Masu Son Banza

Raina ya ɓaci a makon nan. Wani matashi da ke riƙe da dandalin karanta littattafan Hausa a intanet, shi kaɗai, ba abokin tarayya ba ma'aikaci, ya fitar da lissafinsa na ƙarshen shekara kamar yadda ya saba. Ya faɗi yawan masu shiga, da abin da ya kashe, da abin da ya shigo, har da dararen da dandalin ya tsaya cak da abin da ya tsayar da shi. A ƙarshe ya ce daga baɗi zai sa ɗan kuɗin shekara, domin aljihunsa ya gaza. Nan take aka yi masa ca. Wani ya ce ya fara son abin duniya, wani ya ce ai ilimi ba a sayar da shi, wata ta ce ta san inda za ta samu littattafan nan kyauta. A cikin masu zagin ban ga wanda ya tsaya a layin da ya rubuta kuɗin haya ba.

To bari in tsaya musu a kai. Dandali ba a iska yake zaune ba. Na'urar da ke riƙe da littattafan, wadda masu sana'ar ke kira saba, haya ake ɗauka wata-wata daga kamfanoni irin su Amazon ko DigitalOcean, kuma yawanci da dala ake biya. Sunan shafin ma duk shekara ake sabunta shi. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Aka saki naira, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Mutumin da bai ƙara komai a dandalinsa ba ya wayi gari hayarsa ta ninka sau uku. Kafin nan ma, a 2022 bankuna sun taƙaita abin da katin naira zai iya biya a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya da yawansu suka rufe ƙofar gaba ɗaya, sai mai dandali ya koma neman wanda zai biya masa. Masu cewa ya sa talla, su sani shekara da shekaru Hausa ba ta cikin harsunan da tsarin tallan Google na AdSense ke karɓa, kuma ko an samu tallan, abin da ake biya kan mai karatu daga Kano bai kama ƙafar abin da ake biya kan na Amurka ba.

Wannan kuɗi ne kawai. Aikin kuwa, shi ne mai rubuta manhaja, shi ne mai gyara idan ta lalace da ƙarfe biyun dare, shi ne mai gadi idan masu kutse suka zo. Shi zai amsa wa wadda ta manta kalmar sirrinta, shi zai share batsar da wani ya ɗora, shi zai zama alƙali idan marubuta biyu suka zargi juna da satar fasaha. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, duk waɗannan ma'aikatan sun kwanta.

Akwai mutumin da na daɗe ina bin labarinsa, kuma masu karanta wannan fili za su yi min haƙuri in ba shi wuri. Sunansa Maciej Ceglowski, haifaffen ƙasar Poland da ya girma a Amurka. A 2009 ya buɗe Pinboard, ɗan dandalin da mutum ke adana adireshin rubuce-rubucen da ya karanta a intanet don ya same su gobe. Ba ado, ba talla. Tun daga farko ya ce sai an biya: kusan dala 3, sau ɗaya, kuma kuɗin na hawa kaɗan-kaɗan gwargwadon yawan waɗanda suka riga ka shiga. A lokacin giwar wannan fage ita ce Delicious, wadda Joshua Schachter ya kafa a 2003, kamfanin Yahoo ya saye ta a 2005 da miliyoyin daloli, kuma kyauta ake shigarta. Wa zai bar kyauta ya je ya biya wani mutum ɗaya?

A Disambar 2010 wata takardar cikin gida ta Yahoo ta fito fili, aka ga sunan Delicious cikin abubuwan da kamfanin ke shirin rabuwa da su. Hankalin mutanen da suka tara ajiyar shekaru a can ya tashi. Cikin 'yan kwanaki dubbai suka kwashe kayansu suka nufi Pinboard da kuɗinsu a hannu. Delicious kuwa ta shiga yawon hannu: a 2011 aka sayar da ita ga Chad Hurley da Steve Chen, biyu daga waɗanda suka kafa YouTube, a 2014 aka sake sayarwa, daga baya aka kuma. A Yunin 2017 Ceglowski, mutum ɗayan nan, ya saye ta a kan dala 35,000, ya bar ta a buɗe don masu ajiya su karanta kayansu su kwashe.

Abin da ya fi burge ni ba cinikin ba ne. Shekara da shekaru, idan watan Yuli ya kama, watan da ya buɗe dandalin, yakan fitar da ɗan jadawali: masu amfani nawa, abubuwan da aka adana nawa, kuɗin da ya shigo nawa. Shekarar da kuɗin ya yi ƙasa ya rubuta ya yi ƙasa. A 2015 ya bar tsarin biya sau ɗaya ya koma dala 11 a shekara, domin haya ba sau ɗaya ake biyanta ba. Tun a 2011 ya yi wa mutane nasiha cewa idan kana son wani dandali ya daɗe ka biya shi, domin na kyauta ƙarshensa a saye shi a rufe. Haka Michael Lynch, wanda ya ajiye aiki a Google a 2018 don ya tsaya da ƙafarsa, yake fitar da nasa lissafin duk shekara, kuma a shekaru biyun farko asara ya rubuta bai ji kunya ba. Irin wannan lissafi riƙon amana ne. Mutumin da ka ba ajiyar rubutunka yana gaya maka ko rumbun na nan da ƙarfinsa ko ya fara tsagewa, don ka san inda dare ya yi maka.

Mu ma mun ga abin da ke faruwa idan kuɗi ya yanke. Okechukwu Ofili ya kafa OkadaBooks a 2013, kuma marubutan Hausa da dama, musamman mata, sun sa littattafansu a can. A ƙarshen Nuwamban 2023 aka rufe dandalin, bayan shekara goma, saboda matsin tattalin arziki. Magana Jari Ce ta fito tun 1937 kuma har gobe za ka same ta a kanti, amma littafin da aka rubuta a waya aka ɗora a dandali ɗaya, ranar da aka kashe saba ya tafi, sai idan marubuciyar ta ajiye kwafi.

Kuma kada a ce min ba mu san wannan hanya ta son banza ba. Ita muka bi muka kashe kasuwar faifan Kannywood. Na sha faɗa a wannan fili, zan kuma ci gaba da faɗa: furodusa ya ci bashi ya yi fim, kafin ya mayar da uwar kuɗinsa masu tura fina-finai a waya sun raba shi lungu-lungu a kan 'yan canji, shagunan faifai na Ƙofar Wambai suka yi ta mutuwa muna kallo. Yau su Izzar So a YouTube suke neman abinci, a ƙarƙashin dokar kamfanin da bai san da zamanmu ba. Marubutan intanet ma ga su nan. Mace ta raba dare tana bugawa da yatsa, ta buɗe zauren WhatsApp na masu biya, washegari wata ta kwashe littafin ta watsa. Shi ya sa kake ganin Allah ya isa a saman shafi tun kafin ka ga sunan tauraruwar labarin. Wanda ya karanta irin wannan kwafi ya ci haƙƙin wani, ko ya kira shi da wane suna. Mun iya kawo aya da hadisi kan haƙƙi idan namu aka taɓa, idan na wani ne sai mu ce ai intanet ce.

Na san akwai talauci, amma a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data, aka yi guna-guni aka ci gaba da saye. Kamfanin waya muna biyansa dole, ɗan'uwanmu da ya tara abin da muke sayen datar dominsa shi ne muke ganin ƙyashin ba shi kuɗin kwanon shinkafa a shekara. Gaskiya ne kuma dandalin mutum ɗaya yana da rauni, domin rai ba a bakin komai yake ba.

Wannan raunin ne ya sa nake da magana da ku ma, 'yan'uwana masu gina dandali. Ku riƙa fitar da lissafi duk shekara, da daɗi ba daɗi, a rubuce da lambobi. Ku ba kowane marubuci hanyar sauke littattafansa duk lokacin da ya so. Ku ajiye kwafin komai a wuri na biyu. Ku sami amintaccen mutum ku rubuta masa inda makullan suke, kamar yadda ake rubuta wasiyya. Ku sa farashi tun ranar farko, domin wanda ya saba da kyauta ranar da aka ce ya biya gani yake an zalunce shi.

Ku kuma masu karatu, ku duba wayarku a daren yau. Dandalin Hausa da kuka fi shiga, na littafi ne ko na karatun malamai ko na labarai, ku binciki wanda ke riƙe da shi. Idan yana da kuɗin shekara ku biya. Idan ba shi da shi ku tambaye shi lambar asusu. Wanda kuma ba zai biya ba, to ya kama bakinsa ya bar masu biya su riƙe abin.