MAZARI MA MAKAMI NE

'Yan'uwa, akwai wata magana da ke yawo a rumfunan kasuwa, har ta fara shigowa tarurrukanmu. Da zarar mata sun haɗa kai suna tallar zane da gwado na audugar gida, sai ka ji wani mai babbar rigar shadda ya kece da dariya, wai aikin tsofaffi ne, wai mazari ba ya ja da inji. To, mu ba mu yarda ba, ga kuwa hujjarmu daga ƙasar Indiya.

Zamanin da Ingilishi ke mulkin Indiya, talaka ke noma auduga, jirgin ruwa ya kwashe ta zuwa masaƙun Lankasha a Ingila, ta komo yadi, a sayar wa wanda ya noma ta. A 1930 Gandi ya yi kira ga mata su tsare ƙofofin kantunan yadin waje. A birnin Bombai, wanda yau ake kira Mumbai, mata suka kafa ƙungiya mai suna Desh Sevika Sangh, wato masu yi wa ƙasa hidima. Ba albashi, ba bindiga. Su ɗaura zanen saƙar gida, su tsaya bakin kanti, duk wanda ya zo saye su roƙe shi ya dubi ƙasarsa ya juya. Suna tallar zanen gida, suna kwaɗaita wa mata kaɗi. 'Yan sanda suka yi ta kama su ana kai su kurkuku, wasu na maye gurbinsu.

Me ya biyo baya? Yadin Ingila da ke shiga Indiya ya ragu ƙwarai. Gaskiya ne kasuwar duniya ma ta faɗi a shekarun nan, amma masu masaƙun Lankasha sun san inda ke yi musu ciwo. Da Gandi ya je Ingila a 1931, sai da aka kai shi garin Darwen ya ga ma'aikatan da aiki ya tsaya musu. Shin wannan shi ne aikin tsofaffin?

Mu dawo gida. Abin da aka yi wa Indiya shi aka yi mana. A 1949 Faransa ta kafa kamfanin CFDT don auduga ta yawaita a ƙasashen da ta mallaka, masaƙunta su ƙoshi. Mun karɓi tuta a 1960, amma har yau, ga auduga a Gaya da Madawa da Birnin Ƙonni, ga kasuwanninmu maƙil da atamfar waje da gwanjo. Assha! Zanen aro ba ya rufe katara.

Za su ce saƙar gida ta fi tsada, kuma tana da kaushi. Mun ji. Amma a bi sawun kuɗin. Wanda ya sayi gwadon gida ya ciyar da manomi, da mai gurza, da mai kaɗi, da masaƙi, da marini, da maɗinki, gida shida ke nan a garinsa. Wanda ya sayi na waje, dillali ya ɗan lasa, sauran ya haye teku. Wanne ne mai tsadar?

Saboda haka muna kira ga kowane reshe. A ba mata rumfa ranar kasuwa, kada a karɓi ko dala a hannunsu. Kowane ɗan kwamiti ya zo taro da rigar saƙi, ko ɗaya gare shi. Mai aurar da ɗiya ya sa gwadon gida cikin kayanta. Wanda kuma ya hana matarsa zuwa taron masu kaɗi, kada ya tashi gabanmu yana wa'azin 'yancin kai.

Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. A karanta wannan takarda da ƙarfi, waɗanda ba su yi karatu ba su ji, mata kuwa a zaunar da su gaba.