Wiwi Mai Aure da Giɓin da ke Cikin Kalmomin Hausa

Manomin Sheme ko na Sabuwa ba baƙo ba ne ga iri mai aure. Ya ga yadda masarar da ake fitowa da ita daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta zarce ta kaka da kakanni yabanya. Abin da bai kai kunnensa ba shi ne, ita ma tabar wiwi an yi mata irin wannan aure. Tun cikin shekarun 1970 masu nomanta a Kalifoniya suka haɗa gajeren irin Afganistan da dogayen irin Meziko da Kolombiya, aka yi ta tace zuriyar har ƙarfinta ya ninka. Binciken da aka yi kan wiwin da hukumomin Amurka suka kama ya nuna sinadarin THC, wanda shi ne mai sa maye, ya tashi daga kimanin kashi 4 cikin ɗari a 1995 zuwa kimanin kashi 12 a 2014. Tsiron ya sauya, amma Bahaushe na nan da kalmarsa guda: wiwi.

Ƙanshi ne abin da dillalai ke tallata sabon irin da shi, shi ya sa ya kamata a san tushensa. THC, wanda Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni suka ware a Isra'ila a 1964, ba shi da wani ƙanshi na a zo a gani. Abin da hanci ke ji wasu mayuka ne masu saurin bin iska, waɗanda ba wiwi kaɗai ke da su ba. Limonin shi ne na ɓawon lemo, kariyofilin kuwa yana cikin kanumfari. Ɗoyin nan mai kama tufafi, wani nazari na 2021 ya danganta shi da sinadarai masu ɗauke da farar wuta. Ke nan hanci ba ma'auni ba ne. Matashin da ke zaɓen ganye da ƙanshi bai san yawan abin da yake zuƙa ba, balle idan an fesa wa ganyen sinadarin da aka harhaɗa a ɗakin gwaji, kamar yadda ake samu a abin da ake sayarwa da sunan Kolorado.

Illar kuwa tana bin ƙarfin ne. Nazarin da Marta Di Forti ta jagoranta a wasu biranen Turai da Birazil, wanda ya fito a 2019, ya gano cewa mai shan wiwi mai ƙarfi kullum ya fi wanda bai taɓa sha ba haɗarin taɓin hankali kusan ninki biyar. A Nijeriya, binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta masu shan wiwi da miliyan 10.6.

Galibin wiwin ƙasar nan a dazukan Ondo da Edo da Delta ake nomansa, sannan ya biyo hanyar mota zuwa Arewa. Sheme tana bakin titin Funtua zuwa Gusau, a yankin da 'yan bindiga suka addaba. Sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara sama da 300 a Disambar 2020 bai gushe daga zukata ba. Kuskure ne a ɗora wa wiwi alhakin wannan fitina kacokan, domin rikicin makiyaya da manoma da talauci da yawaitar makamai sun fi shi zurfin saiwa. Sai dai ba a musun cewa kayan maye na cikin guzurin da ake kai wa mazauna daji. Saboda haka kiran da tsohon gwamnan Ondo, Rotimi Akeredolu, ya yi a 2019 na a halasta noman wiwi don magani da fitarwa waje, ko da yana da hujjar tattalin arziki, bai dace da Faskari ba. Inda manomi ke biyan ɗan bindiga kuɗi kafin ya girbe gonarsa, wa zai sa ido kan gonar wiwi?

A nan ne nauyi ya hau kan manazarta Hausa. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, aikinta kamu ne da gurfanarwa, ƙirƙirar kalmomi ba fanninta ba ne. Limami a kan mumbari da mai shiri a rediyo da uwa a tsakar gida duk suna gargaɗi da tsohuwar kalma, alhali matasa sun daɗe da ƙirƙiro saransu, suna sauya shi duk lokacin da manya suka gane. Gargaɗin da bai ambaci abu da sunan da mai shi ya san shi da shi ba, shuka ce a idon makwarwa.

Ya kamata sassan nazarin Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ta Tarayya da ke Dutsin-Ma su tattara wannan sara daga tashoshin mota da majalisun matasa, tare da sakaya sunayen masu ba da bayani. Bayan haka a zauna da masana haɗa magunguna da likitocin ƙwaƙwalwa a daidaita kalmomin da za su bambanta ganyen gargajiya da mai aure da kuma wanda aka yi wa feshi. Harshen da ya iya raba zaƙami da rama, ya raba maiwa da gero, ba zai gaza wannan ba idan masanansa suka tashi tsaye.