Jirgin Ƙasan Ikko: Jiran Shekara 40

A shekarar 1983 ne gwamnatin Alhaji Lateef Jakande ta ƙaddamar da aikin jirgin ƙasa na cikin birnin Ikko, domin rage cunkoson motoci da ya addabi jama'a. Ba a je ko'ina ba sai sojoji suka karɓi mulki, gwamnatin Janar Buhari kuwa ta soke aikin a 1985.

Sai a watan Satumba na 2023 jirgi ya fara ɗaukar fasinja daga Marina zuwa Mile 2, kilomita 13 kacal. A tsakanin nan birnin ya bunƙasa, filaye sun yi tsada, an cika hanyoyi da gine-gine waɗanda sai an biya diyya kafin a rushe su.

Abin da ya raba aikin nan da na farko shi ne hukumar sufuri ta LAMATA, wadda aka kafa a 2002. Gwamnoni sun zo sun wuce, tsarin yana hannunta. Jihohin da ke ɗokin jirgin birni ya kamata su fara kafa irin wannan hukuma, su kuma keɓe filin da layin dogo zai bi tun kafin a gina gidaje a kansa.