Sauran Tuwo da Guba: Yadda Ake Cutar Kyanwar Titi ta Fuska Biyu

A farkon shekarar 2023 kyanwoyi suka fara mutuwa a Nikosiya, babban birnin tsibirin Saifurus, da alamun wata cuta da likitocin dabbobi suka daɗe da sani amma ba su taɓa ganin ta da yawa haka ba: ciki ya kumbura da ruwa, zazzaɓi ya ƙi sauka, wasu su riƙa tangaɗi har su faɗi. Cikin 'yan watanni ta game tsibirin. Masu fafutukar kare dabbobi suka ce 300,000 sun mutu, ƙungiyar likitocin dabbobi ta ƙasar ta ce abin da ta ƙididdige bai wuce wajen 8,000 ba. A watan Agusta gwamnati ta amince a ba kyanwoyi ƙwayoyin molnupiravir da aka tanada domin masu korona. Da masu bincike na Jami'ar Edinbara suka duba bairos ɗin, sai suka tarar haɗin gambiza ne: gangar jikinsa ta koronar kyanwa ce, ƙahon da yake kama ƙwayoyin halitta da shi kuwa ya aro shi daga koronar kare. Irin wannan aure ba ya ƙulluwa sai bairos biyu sun haɗu a jiki ɗaya a lokaci ɗaya.

Wannan haɗuwa ita ce abin da masu gardama kan kyanwoyin titi suka ƙi kallo. Ɓangare ɗaya yana zuba musu sauran tuwo da kan kifi, ya koma gida da zuciya fari. Ɗaya ɓangaren yana neman a sa musu guba a huta. Dukkansu sun ɗauki kyanwar bola a matsayin tambaya mai amsa guda, alhali jikinta kasuwa ce da cututtuka da dama ke ci a rana ɗaya, kowace tana share wa 'yar'uwarta wurin zama.

A fara da bairos biyun da ke karya garkuwar jiki. Na farko, mai jawo sankarar jini, William Jarrett ne ya gano shi a Gilasgo a 1964. Yana bin yawu: lasar juna, cin abinci a kwano ɗaya, shayarwa daga uwa zuwa 'ya'ya. Na biyu shi ne FIV, wanda Niels Pedersen da Janet Yamamoto suka gano a Kalifoniya a 1986, ake kuma ce masa ƙanjamaun kyanwa. Shi ta cizo yake yaɗuwa, shi ya sa ya fi kama muzurai masu yawon dare da faɗa kan mata da iyaka. Babu ɗayansu da ke kama ɗan'adam, kuma ya kamata a faɗi haka da babbar murya, domin sunan ƙanjamau kaɗai ya isa ya sa a jefi dabbar da ba ta san hawa ba balle sauka.

Abin lura shi ne kyanwa mai FIV da ke zaune a gida, tana samun abinci da kulawa, takan yi shekaru masu yawa lafiya lau. Titi ne ke mayar da bairos ɗin ajali. A can ƙuma na shan jininta ta waje, tsutsa mai ƙugiya na shan sa ta cikin hanji, ga wata ƙaramar bakteriya mai suna Maikoplasma da ke manne wa jajayen ƙwayoyin jini har jiki ya tarwatsa su da kansa. Kafa uku ke nan jini ke zurarewa. Idan bairos ɗin sankarar jini ya riga ya taɓa ɓargo, inda ake ƙera sabon jini, to an huda tulu an kuma toshe rijiya. Ƙumar nan dai ita ce ke ɗauke da tsutsar kaset: kyanwa ta haɗiye ta wajen lasar jiki, tsutsa ta girma a hanjinta. 'Ya'yan kyanwa kuwa tun a nono suke shan tsutsar ciki ta Toksokara, su taso da ciki tulele da ƙashin baya a waje. Idan bairos mai cinye fatar hanji da fararen ƙwayoyin jini, wanda ke iya shekara guda a ƙasa bai mutu ba, ya same su a wannan hali, kwana biyu zuwa uku ya ishe shi ya share ɗaki guda.

An gwada wannan a ɗakin bincike. A 1993 masana a Karolina ta Arewa suka wallafa sakamakon gwajin da suka sa wa kyanwoyi ƙwayar Toksoplasma. Waɗanda ba su da FIV suka ɗan yi laushi suka miƙe. Masu FIV cutar ta bazu a jikinsu, ta kama huhu, ta kayar da su. A kudancin Italiya da wasu sassan Burazil an sha samun ƙwayar Leshmaniya, wadda wani ɗan ƙaramin ƙuda mai cizo ke yaɗawa, ta fi yawa a jikin kyanwoyi masu FIV. Gaskiya ne binciken da ake yi a kan titi ba kullum yake fitowa fes kamar na ɗakin gwaji ba, domin tsohon muzurun da ya fi kowa faɗa shi ne kuma ya fi kowa cin ɓeraye da kwana cikin ƙuma, don haka rarrabe abin da bairos ya jawo daga abin da yawo ya jawo aiki ne mai wuya. Amma wannan bai rage wa hujjar ƙarfi ba. Ko bairos ne ya buɗe ƙofa ko yawo, a jiki ɗaya suke taruwa.

Toksoplasma ce ke fito da maganar daga jikin kyanwa ta kawo ta tsakar gida. An gano ta a 1908 a Tunis, amma sai a 1970 aka tabbatar cewa a hanjin dangin kyanwa kaɗai take yin ƙwai. Kyanwar da ta kamu a karon farko takan zubar da miliyoyin ƙwai a kashinta na mako ɗaya zuwa uku. Ƙwan ba ya cutarwa nan take, sai ya yi kwana ɗaya zuwa biyar a ƙasa, daga nan kuma yana iya wuce shekara a wuri mai laima, kuma sinadarin kulorin da ake zuba wa ruwan famfo ba ya kashe shi. A 1995 ya shiga ruwan sha a birnin Biktoriya na Kanada. A ƙarshen 2001 ɗaruruwan mutane suka kamu a wani ƙaramin gari na jihar Parana a Burazil, aka bi sawu har zuwa tankin ruwan da kyanwoyi ke zama a kansa. Yawancin masu lafiya ba sa ma sanin sun kamu. Mai ciki da ta kamu a karon farko tana iya yin ɓari ko ta haifi jariri mai lalurar ido ko ƙwaƙwalwa. Mai cutar ƙanjamau da ba ya shan magani tana iya kama masa ƙwaƙwalwa. Tumaki da awaki ma tana sa su ɓari idan kyanwa ta yi kashi a dusa ko harawarsu, asarar da makiyayi zai ɗora wa iska ko baki.

A nan mai ciyarwa ya kamata ya tsaya ya yi lissafi. Babu mai musun ladan tausaya wa dabba, kuma kowa ya san labarin matar da aka azabtar saboda ta kulle kyanwa ta hana ta ci. Sai dai kwanon da ake ajewa a bakin ƙofa kullum yana tara kyanwoyi goma inda dā biyu ne, su lashi kwano ɗaya, muzurai su yi faɗa, matan su samu ƙarfin haihuwa sau biyu ko uku a shekara. Sababbin 'ya'yan nan su ne mafi saurin kamuwa da bairos ɗin sankarar jini, su ne kuma masu kamuwa da Toksoplasma a karon farko, wato su ne masu zubar da ƙwai a rairayin da yara ke wasa. Mafi yawansu ba sa kai wata shida. Tausayin da ya tsaya a kwano yana ƙara yawan masu shan wahala ne, shi kuwa mai kwanon ba ya nan lokacin da suke mutuwa a bayan katanga.

Mai guba kuskurensa ya fi muni, ga shi kuma ba ya aiki. Tsibirin Mariyon na Afirka ta Kudu ya ishe shi darasi. An kai kyanwoyi biyar a 1949 domin kama ɓeraye, kafin 1977 sun kai wajen 3,400. Aka sakar musu bairos, aka bi su da bindiga da tarko da guba, amma sai a 1991 aka ga bayansu, a tsibirin da teku ya kewaye, babu ta inda wata za ta shigo. A Tasmaniya an gwada rage su kaɗan-kaɗan ta hanyar kisa, sai adadinsu ya ƙaru a wuraren da aka yi kisan, domin kawar da manyan ya buɗe wa baƙi hanya. To ina ga unguwar da ke da mahauta da bola da kwata? Muddin abinci na nan, gurbin zai cika, kuma sababbin zuwa sai sun sake raba iyaka da haƙori, wanda shi ne abin da FIV ke so. Gubar kuma kaza za ta tsattsaga, kare ya ci, yaro ya ɗauka. A ƙasashen da zazzaɓin Lasa ke kisa kowace shekara akwai wani lissafin daban, tunda Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta sanya ajiye kyanwa cikin hanyoyin nisanta ɓera da gida.

Abin da ke aiki ba shi da armashi, shi ya sa ba shi da masu waƙa. A kama kyanwa, a yi mata aikin hana haihuwa, a yi mata allurar haukar kare da ta cututtukan hanji da mura, a ba ta maganin tsutsa da na ƙuma, a yanke ɗan tsinin kunne domin shaida, a mayar da ita ko a nema mata gida. Fiɗiye muzuru yana rage faɗa, raguwar faɗa tana rage FIV. Hana haihuwa yana rage 'ya'yan da ke zubar da ƙwai. Turkiyya ta sanya wannan tsari cikin doka a 2004, ta ɗora wa ƙananan hukumomi. A harabar Jami'ar Tsakiyar Fulorida an bi shi shekara goma sha ɗaya, adadin kyanwoyi ya ragu da kashi 66 cikin ɗari, kuma kusan rabinsu gidaje aka sama musu. Masu suka suna da gaskiya cewa in aka yi wa ƙalilan aka bar sauran, kuɗi aka zubar. Lissafin masana ya nuna sai an kai wajen kashi 70 ko fiye kafin adadi ya fara sauka. Haka nan maganin tsutsa sau ɗaya ba ya hana sake kamuwa.

A garuruwan Arewa ba masana aka rasa ba. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Bom tana nan tun 1924, akwai tsangayoyin likitancin dabbobi a Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Amma hankalin hukuma ya tafi ga shanu da kaji saboda suna da farashi a kasuwa, ya ɗan waiwayi kare saboda hauka, kyanwa kuwa ba ta cikin kasafin kowa. Kafin ta shiga, akwai abin da ke hannun magidanci: a rufe rijiya da randa da rumbun dusa, a kwashe kashin kyanwa kullum kafin ƙwan ya nuna kuma kada a bar wa mai ciki wannan aiki, a wanke ganye, a gasa tsire har cikinsa ya nuna tunda ɗanyen nama ma hanya ce babba ta Toksoplasma, kuma duk wanda ya ɗauki nauyin ciyar da kyanwa ya haɗa da kuɗin kai ta asibitin dabbobi.