Oba-oba ba waya ba ce, jama'a

1/ Bari in faɗi abin da zai ɓata wa wasu rai: da yawa masu rataya oba-oba a ƙauyukanmu ba su san aikinta ba. Ado ne kawai.

2/ Kun tuna Satumban 2021, da aka katse sabis a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Dutsin-Ma da Kurfi? A Karofi, wayar mutum ta koma tocila. Rediyon da muke wa tsofaffi dariya a kanta, ita ta riƙe mu.

3/ Ɗauki Baofeng UV-5R. Tana kama mita 136 zuwa 174 da 400 zuwa 520 MHz, tana ajiye tashoshi 128. Ka danne maɓallin SCAN, sai ta riƙa bin mitoci da kanta, ta tsaya inda ta ji magana.

4/ To nan matsalar take. Maganarka a fili take tafiya. CTCSS ɗin da mai shago ya ce maka lambar sirri ce, wallahi ba ta ɓoye komai. Kunnenka kawai take toshewa daga hayaniyar wasu. Su suna jin ka raɗau.

5/ Hutun da ya wuce na gwada a ɗaki. Sai ga muryar 'yan sintiri, har da inda za su kwana. Ni ɗalibi na ji, ina ga na cikin daji?

6/ Wani zai ce ai koya wa ɓarayi nake. Malam, sun riga mu sani. Yayyenmu masu kwana a waje ne ba a gaya wa ba. Ku tura musu: a daina ambatar suna da wuri a oba-oba.