Ra'ayinmu: A Bar Fis Ya Yi Aikinsa

Da zarar hunturu ya kama, sai ka ga kowane ɗakin kwanan ɗalibai ya zama madafa. Ga hita a bokiti, ga rishon lantarki, ga dutsen guga, duk an cusa su a jikin soket guda. In fis ya ƙone, sai wani gwani ya tashi ya naɗa masa zaren waya, jama'ar ɗaki su yi ta sa masa albarka. Mu dai a ganinmu wannan ba gwaninta ba ce, ganganci ne, kuma lissafin da zai tabbatar da haka bai fi ƙarfin ɗalibin Tarihi ko na Shari'a ba.

Tun a shekarar 1827 wani malami Bajamushe, Georg Ohm, ya bayyana ƙa'idar. Wutar lantarki tana da ƙarfin turawa, wanda ake aunawa da volt, tana da yawan kwarara, wanda ake aunawa da amfiya. In ka raba volt da amfiya, ka sami turjiyar abin da wutar ke ratsawa, ana ƙirga ta da om. In kuwa ka ninka volt da amfiya, ka sami yawan wutar da abin ke ci, wato wat. Iyakarta ke nan.

To, mu gwada. Wutar gidajenmu a Nijeriya volt 230 ce. Hita mai wat 1,000 tana jan amfiya 4.3, turjiyarta kuwa kimanin om 53. Risho mai wat 1,500 yana jan 6.5, dutsen guga mai wat 1,200 yana jan 5.2. Haɗa su duka, amfiya 16 ke nan. Alhali filogin nan mai ƙafa uku, fis ɗinsa mafi girma na amfiya 13 ne, wato bai kamata a ɗora masa abin da ya wuce wat 2,990 ba. Ashe fis ɗin da muke zagi gaskiya ya faɗa.

Abin tsoron ma yana gaba. Zafin da ke taruwa a waya ba daidai da kwarara yake ƙaruwa ba: in kwarara ta ninka sau biyu, zafi sau huɗu yake ninkawa. A ce akwai mahaɗin da ya yi sako-sako a cikin soket, turjiyarsa rabin om kacal. Amfiya 16 sau 16 sau rabi, wat 128 ke nan na zafi, fiye da ƙwan fitila biyu irin na dā masu wat 60, a ƙunshe cikin roba, sau da yawa kuma a bayan katifa, kusa da littattafai da takardun shaidar da mutum ya yi shekaru yana wahala a kansu.

Ba mu ɗora laifin duka a kan ɗalibi ba. Wanda ke da lacca da ƙarfe bakwai na safe cikin sanyin Janairu dole ya nemi ruwan zafi, haramta hita da takardar sanarwa kuwa bai taɓa hana kowa ba, sai dai ya koya masa ɓoyo. Muna kira ga hukumomin ɗakunan kwana su keɓe wurin girki da guga a kowane bene, da wayoyi masu kauri da aka ja domin wannan nauyi. Kafin a yi haka, wakilan Ƙungiya su bi ɗaki-ɗaki su buɗe filogai, su cire duk zaren wayar da aka naɗa, su kuma nuna wa masu ɗakin inda aka rubuta wat a gindin kowane abin da suke jonawa.