Tsadar Taki da Gajiyar Ƙasa a Bunkure: Me Za Ka Shuka Tsakanin Rani da Damina?

Ɗan'uwa manomi, duk inda muka zauna a Bunkure ko Kura ko Kadawa, koken ɗaya ne: taki ya yi tsada, kuma ko an zuba ba ya bayar da abin da yake bayarwa a da. Tsadar dai mun san tushenta. Yaƙin Rasha da Ukraine a 2022 ya tayar da farashi a duniya, cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira suka ƙara dagula lamarin. Wannan ba a hannunmu yake ba. Amma gajiyar ƙasa a hannunmu take.

Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 ruwa ya fara zuwa gonakin nan, ƙasarmu ba ta san hutu ba. Shinkafa da damina, alkama ko masara ko tumatir da rani, kara kuma a kwashe ko a cinna masa wuta. Gyaran magudanan ruwa da shirin TRIMING ya yi abin a yaba ne, sai dai ruwa ba ya mayar wa ƙasa ƙarfinta. Ƙasar da ta rasa ruɓaɓɓen ganye ba ta riƙe taki, ban ruwa biyu sai ya zurare.

Dubi tazarar da ke tsakanin yankan alkama, wajen Maris zuwa Afrilu, da dashen shinkafar damina. Wata biyu ko fiye gona na kwance tsirara, rana na gasa ta. Nan ne wurin shukar rufe ƙasa, wato abin da ake shukawa don ya lulluɓe gona, daga baya a kife shi ya zama taki. Wanda za ka zaɓa ya danganta da irin gonarka.

In gonarka mai jigawa ce, ruwa ba ya kwanciya, ka sa wake mai saurin nuna, na kwana 60 zuwa 70, irin nau'ikan SAMPEA na cibiyar IAR ta Zariya. Saiwarsa na tara sinadarin da muke saye a buhun yuriya. Amma mu faɗa wa juna gaskiya: in ka tsinke wake, ka kuma ɗaure harawa ka sayar, abin da ka bar wa ƙasa kaɗan ne. Ko dai ka bar harawar, ko dabbobinka su ci ka dawo da takinsu.

In gonar mai laka ce da ruwa ke kwanciya, wake ba zai yi ba. Nan zamarke ya fi, wanda muke ɗauka ciyawar banza. Yana jure ruwa, kuma manoman shinkafa a Indiya sun daɗe suna kife shi a matsayin taki. Ka kife shi yana ɗanye, kwana 45 zuwa 60, kafin ya yi itace, ka ba shi mako ɗaya ko biyu ya fara ruɓewa kafin dashe.

Mai shirin tumatir kuwa ya yi hattara. Tsutsar da ke sa saiwa ta yi ƙulli-ƙulli tana rayuwa a zamarke da nau'ikan wake da yawa. In ka taɓa ganin wannan a gonarka, kada ka sa su gaban tumatir.

Sai maganar halittu. Na san za ka ce, ni da nake fama da ɓera da jan-baki, ina ruwana da yi wa namun daji mafaka? Ka tuna 2016, lokacin da tsutsar sharon ta cinye tumatir a yankin nan. Yawan feshi bai hana ta ba, sai ma ya kashe ƙwarin da ke cin ta. Gona mai ganye da fure tana riƙe gizo-gizo da ƙananan zanzaro da kwaɗi, masu rage maka ƙwari kyauta, ga ƙudan zuma da ke amfanar kankana da kabewa. Layin gamba a iyakar gona, nesa da bakin magudana, mafaka ce ga fakara da zabon daji. Mujiya ma, duk da camfin da ake yi mata, ɓera take ci. Jan-baki kuwa kachala ce babbar matattararsa, don haka a ci gaba da share ta daga magudanai. Ka riƙa sassabe kunyoyin cikin gona, domin duhuwa a nan gidan ɓera ce.

Abu biyu kan ɓata wannan aiki: ruwa da dabbobi. Kafin ka shuka, ka tambayi ƙungiyarku ta masu amfani da ruwa ko za a sako ruwa a watannin. Sannan ku haɗa kai da maƙwabta ku yi magana da makiyaya, domin gona ɗaya kore a tsakiyar busassu ba ta kwana.

Ban ce ka daina sayen taki ba. Bana ka ware kwata ɗaya na gonarka ka gwada, ka ba ta taki daidai da sauran, ka ƙirga buhunanta daban ranar casa. Abin da ka gani shi zai gaya maka na baɗi. Allah Ya ba mu damina mai albarka.